Sati: Tarihin Ƙona Zawarawa a Indiya

A 1813 Turawan da ke mulkin Bengal suka fitar da wata doka mai ɗaure kai. Ba su hana matar da mijinta ya mutu shiga wutar da za a ƙona gawarsa ba. Sharuɗɗa kawai suka gindaya: ta kai shekara 16, ba ta da juna biyu, ba a ɗura mata abin maye ba, sannan ɗan sanda ya tsaya ya tabbatar da son ranta ne.

Al'adar, wadda ake kira sati, ta daɗe a tsakanin wasu Hindu, ko da yake yawancin zawarawa ba su taɓa bin ta ba. Matafiyi Ibn Battuta, wanda daga baya ya ratsa Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya gan ta da idonsa a ƙarni na 14, kuma ya ce saura kaɗan ya faɗo daga kan dokinsa. Sarki Akbar na Indiya ma ya yi ƙoƙarin hana tilastawa.

Dokar Turawa kuwa sai ta zama tamkar izini. A 1815 an rubuta mata 378 da aka ƙona, a 1818 suka kai 839, galibi a kewayen Kalkata. Masana tarihi da dama sun lura cewa a Bengal ɗin ne dokar gado ta ba bazawarar da ba ta da ɗa namiji haƙƙi a dukiyar mijinta, don haka mutuwarta riba ce ga dangin miji. Ram Mohan Roy, ɗan Bengal da ya yaƙi al'adar da hujjojin littattafan Hindu, ya bayyana yadda ake ɗaure mace da gawar, a danne ta da gorori don kada ta tsere. Ina son rai a nan? Ranar 4 ga Disamba 1829 gwamna William Bentinck ya haramta sati.

Amma al'adar ba ta mutu gaba ɗaya ba. A Satumba 1987 aka ƙona Roop Kanwar, 'yar shekara 18, a ƙauyen Deorala na Rajasthan, jama'a na kallo. Majalisar Indiya ta yi sabuwar doka mai tsauri, amma kotu ta sallami waɗanda aka tuhuma.

Yau tambayar son rai ta koma ɗakunan jinyar ƙuna. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya ƙiyasta cewa wuta ta kashe mutum fiye da 163,000 a Indiya a 2001, kusan kashi biyu cikin uku mata, yawancinsu tsakanin shekara 15 da 34. Dangi kan ce risho ne ya fashe. A ƙarƙashin wannan jawabi akwai hatsari na gaske, akwai kisan gilla kan kayan gara, akwai kuma amaren da duka da ciwon damuwa suka kai bango har suka cinna wa kansu wuta. Likitoci sun san ƙunar ganganci ta fi ta hatsari cin jiki, ta fi kisa, wadda ta tsira kuma sai ta yi fama da dashen fata da tabo da tsangwama.

Sai a 2017 Indiya ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta ɗauki mai yunƙurin kashe kansa a matsayin wanda ke cikin matsananciyar damuwa, ta kuma ɗora wa gwamnati nauyin yi masa magani maimakon gurfanar da shi.