Yadda Jinyar Wanda Ya Yi Haɗarin Mota Ta Zama Aikin Jama'a a Sabon Ibadan



Duk wanda ya daɗe a Kudu ya san yadda abin yake faruwa. Labari zai zo cewa motar kaya ta kife a hanyar Oyo zuwa Ogbomosho, ko tirela ta murƙushe ƙaramar mota a titin Legas, kuma akwai namu a ciki. Kafin a idar da sallah an yi sanarwa, an shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci, an tura mutum biyu ko uku asibiti. Da yawa daga cikin matasanmu suna ɗauka cewa wannan al'ada ta soma ne da zuwan wayar salula. Ta girmi wayar, ta girmi ita kanta motar. Mun ga ya dace mu bi asalinta, domin tarihin ya nuna wani gefe da na da suka fi mu ƙarfi, kuma a wannan gefen ne marasa lafiyarmu suka fi shan wuya a yau.

Kafin jirgin ƙasa, fataken Hausa sun yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa, tufafi da fatu, suna dawowa da goro. Tafiyar ta watanni ce, a ƙasa da kan jakuna, ƙarƙashin madugu. Ayari ba ya tsayawa har wata guda saboda mutum ɗaya ya karye, kuma ba a yar da shi a daji. Mafitar ita ce zango. A manyan zangunan akwai fatoma, wato mai masauki, wanda yake sauke baƙi, ya ajiye masu kaya, ya haɗa su da masu saye. Wanda ciwo ya hana shi ci gaba a hannun irin wannan mutum ake barinsa. Daga nan muka gaji ka'idar da har yau muke kanta: baƙon da ya jikkata a hanya yana wuyan mutanen garin da ya faɗi, ko da babu mai jininsa a cikinsu.

Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911. Wannan ya juya akalar fatauci daga yamma zuwa kudu. Goron ƙasar Yarbawa ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa. Hausawa suka yawaita a Ibadan, har a 1916 aka keɓe masu unguwar Sabo a gefen Mokola, da Sarkin Hausawa a kanta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya rubuta littafi a kan unguwar wanda aka buga a 1969. A lokacin mazauna Sabo sun ɗan haura 4,000. Abin da ya gano shi ne duk cinikin shanu da goro yana tafiya ne a kan maigida. Maigida shi ke sauke baƙon da ya kawo shanu, ya ciyar da shi, ya sa dillalansa su sayar masa, sannan ya tsaya masa a kan bashin da mahauta suka ci. In mahauci ya gudu da kuɗi, mutuncin maigida ne a kan layi, don haka sau da yawa yakan biya daga aljihunsa.

Wannan tsari ne ya ɗauki nauyin jinya. Mutumin da ya tsaya wa baƙo a kan dukiyarsa ba zai juya baya ba ranar da aka kawo baƙon a kwance. Akwai ɗaki a gidan baƙi, akwai tuwo da ke fitowa daga cikin gida, akwai yaran maigida da za a aika. In karaya ce a kira mai ɗori, in an ga abin ya fi ƙarfinsa a nufi asibitin Adeoyo. Wanda kuma ya nakasa gaba ɗaya yana da inda za shi, domin a Sabo har makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu, kuma sadakar attajirai da ta masallaci tana isa gare su. Ba muna cewa bara ita ce mafita ba. Abin lura shi ne tsarin bai saki mutum ba bayan ciwon ya daina zubar da jini.

Sai mota ta karɓe hanya. Tun daga shekarun 1960 manyan motoci suka soma cinye kasuwar jirgin ƙasa, kuma da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970 aka shimfiɗa tituna, motoci suka ninka. A ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama. A 1978 aka buɗe babban titin Legas zuwa Ibadan, mai tsawon kilomita kusan 127. Hanyarmu ta gida kuwa ita ce wadda kowa ya sani: Oyo, Ogbomosho, Ilori, gadar Jebba, Mokwa, har a shige Kontagora ko Kaduna. Shanu, albasa, tumatir, wake da gero duk suka koma kan taya, tare da direbobi, yaran mota da masu kaya da ke zaune a saman lodi. Raunin da mota ke yi ya bambanta da na faɗowa daga kan jaki ko tunkuyin sa. Ƙashin cinya ya tsage ya huda fata, kai ya bugu, laka ta taɓu, kuma ba mutum ɗaya ba, wani lokaci goma a tashi guda.

Asibitocin da za su iya da irin wannan rauni ba su da yawa. Asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ya samo asali ne daga wurin jinyar sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda muke kira UCH, an buɗe shi a watan Nuwamba 1957. Na Dala a Kano ya zo a 1959. Da waɗannan asibitoci jinya ta samu sabon abu da gidan maigida bai saba da shi ba, wato kuɗi a hannu kafin aiki: na hoton ƙashi, na jini, na ƙarfen da za a saka, na gado. Nan ne karo-karon masallaci ya samu gurbinsa. Ƙungiyoyin sana'a ma suka shigo, 'yan goro, 'yan shanu, mahauta, 'yan gwari, kowa da asusunsa. An kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, a 1978, kuma a tashoshi da yawa direbobi suna haɗa wa nasu in tsautsayi ya faɗa masa.

Hukuma ma ta motsa. Yawan mace-mace a hanyar Ibadan zuwa Ife ya sa Farfesa Wole Soyinka ya matsa lamba, har jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra tata a 1977. A watan Fabrairu 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, Soyinka ya zama shugabanta na farko. Duk da haka hanya ba ta daina ci ba. Manya a cikinmu suna tuna Nuwamban 2000, lokacin da tankar mai ta afka wa jerin motoci a wannan hanya ta Ife, mutum sama da 100 suka ƙone. A 'yan shekarun nan kuwa alƙaluman FRSC suna nuna sama da mutum 5,000 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, sama da 30,000 kuma suna jikkata. Waɗannan 30,000 ɗin su ne maganarmu ta yau.

Wani ƙalubale da ya daɗe yana cin rayuka shi ne asibiti ya ce ba zai taɓa mai rauni ba sai an kawo rahoton 'yan sanda, ko sai an ajiye kuɗi. Da yawa daga cikin namu, musamman wanda bai ji Turanci ko Yarbanci ba, sun sha wannan. Ya kamata kowa ya sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. FRSC tana da lambar gaggawa 122, akwai kuma 112 ta ƙasa baki ɗaya. Haka nan an fara yin dokar inshorar mota mai kare wanda aka yi wa ɓarna ne a 1945. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Inshorar nan an yi ta ne don wanda aka kaɗe ko aka lalata wa dukiya, amma kaɗan ne a cikinmu ke neman haƙƙinsu, wasu direbobin kuma takardar bogi suke riƙe da ita don nuna wa 'yan sanda kawai.

Wayar salula ta shigo a 2001, daga baya WhatsApp da tura kuɗi ta banki suka biyo. Wannan ya sauƙaƙa abubuwa da yawa. A da sai an ba direba saƙo ya kai Katsina ko Sakkwato, iyalan mutum su ji labari bayan kwanaki. Yanzu cikin awa guda an sanar, an kuma soma turo gudunmawa daga Agege, Shagamu, Mile 12 har Kano. Sai dai sauƙin ya zo da nasa. Ana yaɗa hoton mutum kwance cikin jini ba tare da izininsa ba, wani lokaci uwarsa ta fara ganin labarin a waya. Ana tara kuɗi a asusun mutum ɗaya ba rasit ba bayani, daga baya zargi ya biyo. 'Yan damfara kuma suna ɗauko tsohon hoto su liƙa masa sabuwar lambar asusu, abin da ke sa mutanen kirki janye hannu.

Babban giɓin kuwa shi ne lokaci. Gudunmawar waya tana da zafi a makon farko, sai ta huce. Jinyar haɗari ba ta makon farko ba ce. Karayar ƙashin cinya kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ta haɗe, bayan nan kuma ga gashin ƙashi da koyon tafiya. Wanda lakarsa ta taɓu yana buƙatar a riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi, kuma wannan gyambo yana kisa. A duk tsawon wannan lokaci ɗan acaba ko ɗan dako ko mai tura baro ba ya samun ko sisi, alhali haya tana tafiya, yara suna gida a Arewa suna jiran saƙo. Gidan maigida na da ya fi mu a nan, domin ɗakinsa da tuwonsa ba sa ƙarewa ranar da aka sallami mutum. Yau yawancin matasan da ke zuwa ci-rani ba su da maigida. Suna kwana a kasuwa, a tasha ko a shago, kuma wanda aka sallamo da ƙarfe a ƙafa ba zai iya kwana a kan benci ba.

Wannan rashin wurin zama da tsadar asibiti ne ke sa ana ɗauke mutum daga gado kafin likita ya yarda, a sa shi a motar kaya zuwa gida, ko a kai shi wurin mai ɗori. Masu ɗori sun yi wa al'ummarmu hidima tun kafin a gina Igbobi, kuma muna girmama su. Amma karayar da ta huda fata, da raunin kai, da na ƙashin baya, aikin asibiti ne. Ɗaurin da ya yi tsauri yana tare jini, ƙafa ta ruɓe, a ƙarshe a koma asibitin da aka guda a yanke ta.

Don haka muna kira ga 'yan uwa da shugabannin kasuwanni da limamai mu maido da abin da na da suka yi, da kayan aikin zamaninmu. In aka tara gudunmawa, a raba ta biyu, kashi ɗaya na asibiti, ɗaya na watannin bayan sallama. Kuɗin ya shiga asusun da mutum biyu ko uku ke sa hannu, a karanta shiga da fita a gaban jama'a. A kowace unguwa a samu ɗaki ko da guda ɗaya, a ƙasa ba a bene ba, kusa da banɗaki, wanda za a sauke wanda aka sallamo. Matasa masu lafiya su je a gwada rukunin jininsu a rubuta, domin namiji mai ƙoshin lafiya yana iya ba da jini duk bayan wata uku, kuma wannan ya fi sayen jini cikin dare. A tsara dubiya da kwana a asibiti bi da bi, kada nauyin ya zauna kan mutum ɗaya har ya gaji ya gudu. Iyayenmu mata da suka saba aika kunu da farfesu a sa su cikin lissafi, a ba su kuɗin cefane. Keken guragu da sandunan tafiya kuwa, wanda ya warke ya dawo da su a ajiye wa na gaba. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa matafiyin da guzurinsa ya yanke da wanda bashi ya danne suna cikin masu cin zakka, kuma mai jinyar haɗari a baƙon gari sau da yawa ya haɗa duka biyun. Attajiranmu su tuna da wannan lokacin fitar da ita.

Wanda kuma ya miƙe amma ba zai iya komawa tsohuwar sana'arsa ba, a nema masa wadda zai yi a zaune, ko tireda ce ko cajin waya ko awon hatsi. Jarin da zai buɗe ƙaramin teburi bai kai kuɗin tiyata ɗaya ba, kuma shi ne ke tsakanin mutum da roƙo a bakin titi.

Duk wanda ya san wani namu da ke kwance a asibiti ko a ɗaki ba mai leƙa shi, ya sanar da shugaban layinsa ko limamin masallacinsa a yau, zumunci a ƙafa yake. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya