Gam ɗin efoksi da ƙotar wuƙa: Wanne ya fi riƙo, kuma me lambar da ke jikin kwali ke nufi?

A Kangire da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, wuƙa kayan aikin yau da kullum ce ga mahauci da mai tsire da manomi da uwargida, kuma cinikinta kan tashi duk lokacin da Babbar Sallah ta gabato. Mai saye a kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara yakan gwada kaifi a farcensa, ya duba kube, sannan ya yi ciniki. Ba kasafai yake tambayar abin da ya riƙe ƙotar da ƙarfen ba, alhali nan ne wuƙa ta fi saurin lalacewa. Ƙotar da ta yi sako-sako tana iya juyawa a hannun mai fiɗa ta yanke shi, kuma tsagar da ke tsakaninta da ƙarfe maɓoya ce ta jini da kitse da tsatsa.

Wannan bayani ya duba gam ɗin efoksi, wanda a jikin kwali ake rubuta shi Epoxy, da yadda ake kwatanta ƙarfin ire-irensa.

Yadda aka saba sa ƙota

Tsohuwar dabarar maƙeran ƙasar Hausa ba ta buƙatar gam. Maƙeri yakan bar wa wuƙa siririyar jela ta ƙarfe, ya gasa ta ta yi ja, ya cusa ta cikin icen ƙota har ta ƙona wa kanta hanya, kamar yadda ake yi wa fartanya da gatari. Wani yakan ƙara zoben ƙarfe a wuya, ko ya lanƙwasa ƙarshen jelar, ko a naɗe ƙotar da fata ko waya. Itatuwan da aka fi so su ne masu tauri irin su marke da aduwa da ƙirya. Illar wannan hanya ita ce cikin ramin ya zama gawayi, kuma gawayi yana rugurgujewa, shi ya sa bayan an jima ƙotar ke soma motsi.

Hanya ta biyu ita ce wadda ƙarfen yake tafiya da faɗinsa har ƙarshen ƙota, a manna masa ɓari biyu na katako ko ƙaho, a kafe su da ƙusoshi. A duka hanyoyin biyu efoksi yana da gurbi: a ta farko yana cike rami, a ta biyu yana liƙe ɓarin biyu ya toshe hanyar ruwa.

Mene ne efoksi?

Ruwa biyu ne da ake sayarwa a rabe: uwar gam da mahaɗinta. Idan an cakuɗa su, sinadaran kan sarƙe da juna su daskare su zama abu mai tauri wanda ba ya komawa ruwa. Daskarewar ba ta dogara da iska ba, don haka yana kamawa ko a cikin rami mai zurfi, kuma ba ya motsewa sosai kamar farin gam na kafintoci.

Bajamushe Paul Schlack ya yi rajistar wani nau'insa a 1934. Pierre Castan na ƙasar Suwizalan, wanda ke neman sinadarin gyaran haƙori, ya samar da irin wanda aka fi amfani da shi a yau, kamfanin Ciba kuma ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite a 1946. A daidai wannan zamani Sylvan Greenlee yana irin wannan aiki a Amurka. Mafi yawan tushen sinadaran daga man fetur ake samun su, sai dai abin da ake gani a shagunan Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, inda 'yan kasuwar Jigawa da yawa ke sari, akasarinsa shigo da shi ake yi daga waje. Wannan ne ya sa faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta taɓa har farashin ƙaramin bututun gam.

Lambar da ke jikin kwali

Kamfanoni kan rubuta ƙarfin gam da ma'aunin PSI, wato nauyin da kowane inci murabba'i zai ɗauka. Kamfanin J-B Weld na jihar Texas, wanda aka kafa a 1969, yana rubuta 5,020 a kan gam ɗinsa na asali mai daskarewa cikin awa 15 zuwa 24, yana kuma rubuta 3,127 a kan KwikWeld mai kamawa cikin minti 6. A namu lissafin, kusan kilo 350 ke nan da kilo 220 a kan kowace santimita murabba'i.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su. Na farko, ba gwaji iri ɗaya ne ke haifar da waɗannan lambobi ba. Akwai gwajin da ake jan daskararren gam shi kaɗai har ya tsinke. Akwai wanda ake manna falle biyu na ƙarfe a ja su su zame wa juna, wanda aka tsara a ƙa'idar ASTM D1002 ta Amurka da ISO 4587 ta duniya. Akwai kuma gwajin ɓarewa, inda ake ɗago gefe ɗaya kamar ana saɓe fata. Kwali ba ya yawan faɗin wanne aka yi, don haka jera lambobin kamfanoni biyu a ce wannan ya fi wancan ba kwatanci ne na gaskiya ba.

Na biyu, ƙotar wuƙa ba ta buƙatar rabin wannan ƙarfi. A ɗauki ƙarfen ƙota mai tsawon santimita 10 da faɗin 2.5. Fuskarsa ɗaya santimita murabba'i 25 ce. Ko da gam ya riƙe kilo 100 kacal a kowace santimita, sai an ja da nauyin tan biyu da rabi kafin ɓarin ya zame. Babu hannun da zai yi haka. Ƙota tana sakewa ne ta wata hanya dabam: wuƙa ta faɗi a kan siminti, ko a doki ƙashi da ita, ko katako ya kumbura ya motse, sai gefen manni ya ɗan tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci gaba da ɗaga shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya dace a auna shi ne jure duka da ruwa da zafi.

Ire-iren efoksi da yadda suke a ƙota

*Mai saurin kamawa, na minti 4 zuwa 6.* Shi ya fi yawa a shagunan kayan gyaran babur da mota. Mahaɗinsa yakan ƙunshi sinadari mai farar wuta, shi ya sa yake da wari mai ƙarfi. Yana da amfani ga gyaran gaggawa, amma a bisa galibi ya fi sauran gautsi, ya fi su rauni a gaban ruwa da zafi, kuma ba ya samun lokacin ratsa ƙofofin katako kafin ya yi kauri. Ga wuƙar da za a riƙa wankewa kullum, shi ne na ƙarshe a jeri.

*Mai jinkiri, na minti 30 zuwa awa ɗaya da rabi.* A nan ake samun Araldite na asali da Devcon 2 Ton. Yana ba mai aiki lokacin shafawa da daidaita ƙusoshi, yana jiƙa katako sosai, kuma bayan awa 24 riƙonsa ya fi na mai sauri ɗorewa. Ga maƙerin da ke son abu mai kyau da za a iya samu a kasuwa, wannan ne zaɓin da ya fi dacewa.

*Mai garin ƙarfe.* Launinsa toka-toka ne, yana da kauri, kuma masu jinkirin cikinsu sun fi sauran jure zafi. Yana da kyau wajen cike faffaɗan rami na jelar wuƙa. Aibinsa shi ne layinsa yana bayyana a gefen ƙota, kuma kaurinsa kan hana shi gangarawa cikin siririn rami.

*Mai ɗan laushi.* An yi shi ne domin ya ɗan miƙe ba tare da ya tsage ba. Misalinsa G/flex na kamfanin West System da ke jihar Michigan, wanda aka fi sani a aikin kwale-kwale. Lambar ƙarfinsa ba ta kai ta J-B Weld na asali ba, amma masu ƙera wuƙa a Amurka da Turai suna yawan zaɓarsa, saboda ƙarfe da katako ba sa motsi tare, shi kuwa yana bin kowannensu. Ya fi dacewa da ƙaho da katako mai maiƙo. Matsalarsa a nan tsada da wuyar samu.

Gam ɗin sufa-gulu ba efoksi ba ne. Sinadari ne dabam da Harry Coover ya gano a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Ba ya cike gurbi, ba ya jure duka, kuma ruwa yana raunana shi. Haka kuma efoksi ba ya kama robar jarka da ta bokiti, don haka ƙotar da aka yanka daga irin wannan roba ƙusa ce kawai za ta riƙe ta.

Abin da yanayin kudancin Jigawa ke yi wa gam

A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi, kuma mintocin da ke jikin kwali an auna su ne a kusan digiri 22 zuwa 25. Gam na minti biyar zai iya yin kauri cikin minti biyu a rumfar maƙera da rana tsaka. Abin da ya fi shi ne a haɗa kaɗan, a kan faffaɗan abu, da sassafe.

Bayan ya daskare ma zafi bai bar shi ba. Yawancin efoksin da ya daskare a zafin ɗaki yana soma laushi tsakanin digiri 50 zuwa 65. Wuƙar da aka bari a gefen tukubar tsire, ko aka tsoma ƙotarta a tafasasshen ruwa, ko aka wasa ta da inji har wuyanta ya yi zafi, tana iya wuce wannan iyaka. Da zafi ne ma ake cire tsohuwar ƙotar da aka manna da efoksi.

Sannan akwai katakon kansa. Da damina yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya motse, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Ƙotar da aka sassaƙa daga ɗanyen ice a watan Agusta za ta ja jikinta a watan Janairu, ko da wane irin gam aka sa. Busasshen ice da ya shekara shi ne sharaɗi na farko.

Shiri ya fi sunan kamfani

Efoksi mai tsada a kan ƙarfe mai maiƙo bai kai mai araha a kan ƙarfe mai tsabta ba. Wuƙar da ta fito daga wuta tana da baƙin ɓawo a jikinta, wadda aka tsoma a baƙin mai kuma tana da maiƙo. Dole a kankare ɓawon har ƙarfe ya yi fari, a kurje shi da samfefa mai kaushi, a goge da asiton ko sifirit. Kananzir da gas ba su dace ba, domin suna barin mai. Katakon ma a kurje shi, kada a taɓa fuskokin da yatsa bayan an goge.

A auna uwar gam da mahaɗi daidai yadda aka rubuta. Ƙara mahaɗi ba ya ƙara ƙarfi, gam ɗin ne zai fito da laushi. A cakuɗa minti ɗaya zuwa biyu har launi ya zama ɗaya, a shafa a fuskoki biyu. A ɗaure da robar cikin tayar keke gwargwadon yadda ba zai motsa ba, amma kada a matse har gam ɗin ya tsiyaye duka. A bar shi awa 24 kafin a taɓa, kwana biyu ko uku kafin aiki mai nauyi. Huda ƙananan ramuka a ƙarfen ƙota yana ba gam damar ratsawa daga wannan ɓari zuwa wancan. Ƙusoshi biyu ko uku na tagulla ko ƙarfe su ne ke ɗaukar duka, efoksi kuma ya tsare ruwa, saboda haka bai kamata a bar ɗaya don an sami ɗayan ba.

Ɗanyen efoksi yana jawo ƙaiƙayi da ƙurajen fata, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa da wuya ya daina. A sa safar hannu, a yi aiki inda iska ke wucewa, a rufe hanci lokacin kurje wanda ya daskare, a kuma goge duk wanda ya ɗiga a kan kaifin da zai taɓa nama.

Gwajin da kowa zai iya yi

Ƙungiyar maƙera ko ɗaliban kimiyya a Birnin Kudu ba sa buƙatar ɗakin gwaji domin su san wane gam ya fi a kasuwarsu. A yanka guntayen ƙarfe da katako iri ɗaya, a yi musu shiri iri ɗaya, a manna aƙalla tara da kowane gam, a bar su mako guda. Uku a ajiye a inuwa, uku su kwana biyu a cikin ruwa, uku su wuni a kan rufin kwano. Sai a doki kowanne da guduma daga gefe, a duba inda ya rabu. Idan katakon ne ya yage, gam ya fi katako ƙarfi, an sami abin da ake so. Idan gam ya rage a fuskoki biyu, shi kansa ne ya karye. Idan kuwa ƙarfe ya fito tas, ko dai shiri bai yi ba ko gam ɗin ba ya kama ƙarfe.

Wa ke da alhakin abin da aka rubuta?

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ce ke tantance kayan da ake shigo da su ta tsarin SONCAP, da waɗanda ake yi a gida ta tsarin MANCAP. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani a fili da kuma kayan da suka dace da aikin da aka sayar da su dominsa. Kwalin da ba shi da sunan kamfani da adireshi, ko ranar da aka yi shi, ko ma'aunin haɗawa, abin gudu ne komai girman lambar da aka buga a gabansa. Maƙerin da ya sayi irin wannan gam shi ne zai ji ƙorafin mahauci idan ƙota ta saki, don haka yana da dalilin neman rasit a wurin dillali, da kuma kai ƙara ga waɗannan hukumomi idan an sayar masa da jabu.