Zare: katako mai santimita 180 da tarihin jirgin dizal a Amurka

1/ Jama'a, wata uku ke nan ina zana layin dogo a bayan littafin lakca. Ba na gaske ba, ƙaramin samfuri, irin wanda ake shimfiɗawa a kan katako kan jirgi ya riƙa tafiya da lantarki. Abokin ɗakina ya ce wasan yara ne. Na yarda. Amma wasan yaran nan ya sa na karanta tarihin reluwen Amurka fiye da kwas ɗin da zan zauna wa jarrabawa. Ku gyara zama 🧵

2/ Ga abin da nake da shi: wuri a jikin bango, saman teburin karatu a ɗakina na gida. Tsawo santimita 180, faɗi 30. Kuɗin da na tara kuma kan jirgi ɗaya tak zai saya, shi ma na hannu. In na zaɓi wanda bai dace ba, shi ke nan, sai wata shekara. Kun san yadda dala take.

3/ Ma'aunin da na zaɓa shi ne HO, wato an rage komai sau 87. Tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5 ne. Akwai N, sau 160, wanda ya fi cin wuri kaɗan, amma kayan hannu na HO sun fi yawa a kasuwa, kuma yatsuna ba na mai gyaran agogo ba ne.

4/ Za ku ce me ya sa Amurka, ba namu ba? Na so namu. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, bai kai 1,435 na Amurka ba. In za ka yi shi daidai a HO sai ka nemi layi mai milimita 12, ga wuyar samu ga tsada, taragon ma da hannu za ka ƙera. Abin da ya rage min zafi shi ne, cikin kawunan dizal da suka yi aiki a layinmu akwai ƙirar General Motors da General Electric. Fuskar ba baƙuwa ba ce.

5/ Zanena na farko zobe ne, jirgi ya yi ta zagaye. Lissafi ya kashe shi nan take. Kwana mafi matsi da aka saba amfani da ita a HO tana buƙatar katako mai faɗin kusan mita ɗaya. Shi ya sa Amurkawa suka saba farawa da katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Ni in na shigar da wannan ɗakina, sai dai in kwana a ƙarƙashinsa.

6/ Na biyu, na ce to bari in yi zamanin jirgin kwal, mai hayaƙi da tururi, shi ya fi kyau a ido. Nan ma ruler ta hana. Kan jirgin kwal gabansa daban bayansa daban, in ya kai ƙarshen layi ana so a juya shi. Faifan juya shi mai ƙafa 90, a HO ya haura santimita 31. Ya fi katakona faɗi. Ban ma zo kan tankin ruwa, rumbun kwal da ramin zubar da toka ba.

7/ A nan na tsaya. Duk abin da na goge daga takarda don wuri ya ishe ni, shi ne abin da kamfanonin jirgin Amurka suka goge daga ƙasa tsakanin 1945 da 1960. Ni gammo na roba na sa. Su kuwa mutane ne a wurin. Bari in koma baya kaɗan ku ga yadda aka yi.

8/ Da farko, "jirgin dizal" janareta ne mai ƙafa. Injin dizal ba ya juya taya kai-tsaye. Yana juya janareta, wutar ta tafi ga motocin lantarki da ke jikin gatarin tayoyi. Duk wanda ya taɓa tayar da janareta a gida ya riga ya fahimci rabin abin.

9/ Kuma bai fara da gudu ko ado ba. A 1923 jihar New York ta yi dokar da ta nufi korar jiragen kwal daga cikin birnin. A 1925 kamfanin Central Railroad of New Jersey ya sayi kan jirgi mai lamba 1000, wanda Alco da General Electric da Ingersoll-Rand suka haɗu suka ƙera. Kamar akwatin ƙarfe yake. Aikinsa tura taragai a wani ɗan fili a Bronx, wanda taragan ma ta ruwa ake kawo su a kan kwale-kwalen ƙarfe.

Wato dizal a matsatsen wuri aka haife shi. Wannan ya faranta min rai, ba zan ɓoye ba.

10/ Suna kuwa ya zo a 1934. Ranar 26 ga Mayu, jirgin Zephyr na kamfanin Burlington ya taso daga Denver ya isa Chicago, mil 1,015, cikin awa 13 da minti 5 ba tsayawa. Jiki na ƙarfe mai ƙyalli, jaridu suka ɗauka. Sai dai manyan reluwe suka ce wannan na fasinja ne, marar nauyi. Kaya fa? Kaya sai kwal.

11/ Amsar ta fito a ƙarshen 1939. Electro-Motive, wanda General Motors ya saya tun 1930, ya fitar da FT: kawuna huɗu a haɗe, ƙarfin doki 5,400, direba ɗaya ke sarrafa su duka daga gaba. Suka zagaya da shi kamfanoni 20 a jihohi 35 cikin kusan wata 11, suna cewa ku ɗaura masa kayanku mu gani. Ya ja.

12/ Santa Fe ne suka fara rungumarsa, kuma dalilinsu zai yi wa ɗan Arewa ma'ana: ruwa. Layinsu ya ratsa hamadar Arizona, inda sai an yi jigilar ruwa a tarago kafin jirgin kwal ya sha. Dizal ba ruwansa da rijiya.

13/ Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa General Motors gaba. Hukumar da ke kula da masana'antu lokacin yaƙi ta bar musu ƙera manyan kawunan dizal na kaya, ta taƙaita su Alco da Baldwin ga na kwal da ƙananan dizal na cikin tasha. Da aka gama yaƙi, tazarar ta riga ta yi nisa. Baldwin, da ya yi sama da shekara 100 yana ƙera kan jirgi, ya daina a 1956. Alco ya rufe a Amurka a 1969.

14/ Yanzu ga wanda ya shafi katakona. Su FT da ƙannensa suna da kyau a gaba, amma in direba zai ja da baya ba ya ganin komai. Alco ya fara magance wannan da RS-1 a 1941: siririn jiki, hanyar taka ƙafa a gefe, ɗakin direba mai ganin gaba da baya. A 1949 Electro-Motive ya fito da nasa, GP7, ƙirar injiniyansu Dick Dilworth.

15/ Ana ba da labarin cewa Dilworth da gangan ya ƙi yi masa ado, don manyan kamfani su kore shi daga babban layi zuwa ƙauyuka inda ainihin aikin yake. Ƙarfin doki 1,500. An ƙera sama da 2,700. Ƙaninsa GP9 na 1954 ya haura 4,000. Ma'aikata suka sa musu suna Geep.

16/ Geep ba ya buƙatar a juya shi. Ba tankin ruwa, ba ramin toka, ba wanda zai kwana yana gadin wuta. A kashe shi da yamma a tayar da safe. Jirgin kwal ko kashi 10 cikin 100 na ƙarfin makamashinsa ba ya mayarwa aiki, dizal ya ninka haka kusan sau uku ko fiye. A HO tsawon Geep santimita 20 ne kacal. Kan jirgin kwal mafi shahara a girma, Big Boy, ya kai 46.

17/ Zuwa 1960 an gama. Norfolk and Western, da ke jigilar kwal kuma yake ƙera nasa kawunan a Roanoke, shi ne babban kamfani na ƙarshe da ya saki tururi, a shekarar.

18/ To mutanen fa? A 1950 manyan kamfanonin reluwen Amurka na da ma'aikata sama da miliyan 1. Zuwa 1960 ba su kai 800,000 ba. Masu gyaran tukunyar tururi, maƙera, masu kwashe toka, masu famfon ruwa. Garin Altoona a Pennsylvania, inda ma'aikatan gyaran jirgi suka taɓa haura 16,000, ya ji a jikinsa. Ƙananan garuruwan da aka kafa don kawai jirgi ya tsaya ya sha ruwa a canja ma'aikata, jirgi ya koma wucewa bai ko rage gudu.

19/ Adalci dai, ba dizal kaɗai ba ne. Tireloli na cin kasuwar kaya, jirgin sama da mota na kwashe fasinja, ga dokar manyan hanyoyi ta 1956. Ni a ganina dizal bai kashe reluwe ba, ya ja masa kwana ne. Amma da albashin waɗancan mutanen aka biya kuɗin maganin.

20/ Wani abu da ya ba ni mamaki: mai zuba kwal bai tafi tare da kwal ba. Tun 1937 ƙungiyarsu ta samu yarjejeniyar a riƙa sa shi a kan dizal. Aka yi shekaru ana rigima, kamfani na cewa albashin banza ne, ƙungiya na cewa ido na biyu ne a ɗakin direba, har Majalisar Amurka ta sa baki a 1963. Na karanta ɓangarorin biyu, kuma na kasa raina ko ɗaya.

21/ Mu dawo kan katako. Tunda ba zagaye, me jirgin zai riƙa yi? Shantin, wato rarraba taragai da jera su. Akwai tsari biyu da suka yi suna. Timesaver na John Allen, da ya fito a mujallar Model Railroader a 1972, marabar layi ta yi masa yawa, kowace kuma kuɗi ce. Sai Inglenook na Alan Wright, ɗan Ingila: maraba biyu kawai, rassa uku masu ɗaukar tarago 5, 3 da 3.

22/ Taragai 8 ne a fili. Ka zaɓi 5 da ƙuri'a, ka jera su yadda ƙuri'ar ta fito. Hanyoyin jerin 6,720 ne. Ku ninka 8, 7, 6, 5 da 4 ku gani.

23/ Ga inda lissafi ya zaɓa min shekara. Taragon kaya mai ƙafa 40 kusan santimita 15 ne a HO har da maƙalai. Kan jirgi da tarago 3 sun ci 65, maraba 25, tarago 5 kuma 75. Jimla 165, ragowar 15 na numfashi. In na ɗauki mai ƙafa 50, kusan 19 kowanne, jimlar ta kusa 200. Bai shiga ba. Taragon fasinja kuwa ɗaya santimita 30 ne, a manta da shi.

24/ Tambayar ta koma: a ina, kuma yaushe, Geep ke jan taragai masu ƙafa 40 'yan kaɗan? Amsa mai sauƙi ita ce 1955, lokacin komai sabo. Da na kusa tsayawa nan. Sai na ci karo da Rock Island.

25/ Shekarun 1970 sun yi wa reluwen Amurka muni. Penn Central ya karye a 1970, shekara biyu bayan haɗewarsa. Gwamnati ta karɓi fasinja ta kafa Amtrak a 1971, ta tattara karyayyun kamfanonin gabas ta yi Conrail a 1976. Rock Island, mai ratsa ƙasar masara ta tsakiyar Amurka, ya karye a 1975. Ya sake fenti zuwa shuɗi da fari, ya gyara tsofaffin Geep ɗinsa, bai tsira ba. A Maris 1980 ya tsaya cak.

26/ A ƙananan rassan jihohi irin su Iowa, ƙarfen layin ya tsufa, ba ya ɗaukar sababbin taragan hatsi masu tan 100. Sai aka ci gaba da loda masara a tsofaffin taragai masu ƙafa 40, a toshe ƙofa da katako ko kwali mai ƙarfi a zuba. Jirgi na tafe a hankali kamar mai tsoron tayar da barci, ciyawa ta rufe layi. Taragon da ya dace da katakona, shi ne taragon reshen da ake shirin rufewa.

27/ Dokar Staggers ta Oktoba 1980 ta sassauta wa kamfanoni wajen sa farashi, rufe rassa da sayar da su kuma ya yi sauƙi. Wasu rassan ƙananan kamfanoni suka saya, wasu aka kwashe ƙarfen. Babban layin Rock Island da ya ratsa Iowa ya rayu, Iowa Interstate ke aiki a kansa tun 1984.

28/ Saboda haka na tsai da shawara: kaka ta 1978, wani ƙauyen Iowa da na ƙirƙira. GP7 ɗaya, mai shekara kusan 27 a duniya. Dogon rumbun hatsi a reshe na farko, wurin sauke taki a na biyu, na uku na jeren taragai. Taragon gadi ja a baya zai jira sai kuɗi sun samu. Rumbun da kwali da bututun roba zan yi shi.

29/ Akwai wani kusurwa a hagu, santimita 10 da 10, da ba abin da zai zauna. Abokin ɗakina ya ce in sa bishiya. Ni kuma ginshiƙan siminti huɗu zan sa, gajeru, ciyawa ta ci rabinsu, inda tankin ruwa ya taɓa tsayawa. Ya ce ba wanda zai gane. Wataƙila.

30/ Kafinta ya ce Asabar zai yanka katakon. Abin da ya rage min maraba biyu na HO da layi kamar mita 4. In akwai wanda ke da na hannu, ko ɗan'uwansa na dawowa daga waje da sarari a jaka, don Allah ya yi min magana ta DM.