Me ya sa wata rijiya gaba uku, wata gaba arba'in?

Duk wanda ya taɓa tara kuɗin rijiya ya san wannan gardama. A fadamar Gulbin Maradi mutum kan gina rami da rani ya tarar da ruwa kafin ya yi nisa. A Damargu ko Dakwaro kuwa rijiya kan wuce mita 50, sai an sa raƙumi ko sa ya ja wasaki. A Damagaram abin ya fi muni: ana cikin gina sai a ci karo da dutse, aiki ya tsaya. Wasu su ce magina ne ba su iya ba, wasu su ce wurin ne ba shi da sa'a. Masana ilimin ƙasa da duwatsu suna da tasu amsa, kuma tana da amfani ga mai shirin kashe kuɗinsa.

Da farko, babu wani kogi da ke gudu a ƙarƙashinmu kamar yadda ake faɗa a hira. Ruwan ƙasa yana zaune ne a ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse. Ku cika ƙwarya da yashi ku zuba ruwa, za ku ga ya shige ya ɓace, alhali yana nan. To, haka abin yake. Yumɓu shi ma yana riƙe ruwa, sai dai rowa gare shi, ba ya saki.

Yawancin jihohin Tawa, Doso da Maradi suna bisa wani babban kwari da masana ke kira Iwillimmidan. Rairayi da laka sun yi miliyoyin shekaru suna taruwa a cikinsa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Har teku ya taɓa malalowa nan. Shaidarsa ita ce farar ƙasar Adar, wadda ake siminti da ita a Malbaza, da ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse, waɗanda yara ke tsinta a tsaunukan Keita. A irin wannan ƙasa ruwa akwai shi, tambayar ita ce nisansa. Cikin gulbi, dallol, ko ƙoramun Matamai da Magarya yana kusa, domin damina na ƙara shi kowace shekara. A kan tudu sai an ratsa marmara da yumɓu masu kauri.

Damagaram da Muniyo daban suke. Waɗannan manyan duwatsu da ke tsakiyar unguwar Birni ba ajiye su aka yi bisa ƙasa ba, kan tsohon dutsen da ke ƙarƙashin yankin ne ya leƙo waje. Dutse ne mai tauri, ba shi da ƙofofi, ruwa ba ya samun wurin zama sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Shi ya sa za a yi foraj a gidan wani a samu ruwa, a matsa mita 100 a tarar da busasshen rami. Ba asiri ba ne, wancan ya faɗa kan tsaga, wannan ya kuskure ta. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926, kuma har yau ruwan famfon garin daga nesa ake jawo shi: Gogo da Macaya a kudu, Arungusa da Ganaram a arewa. Irin wannan dutse yana wajen Ɗan Isa a kudancin Maradi, da yankin Tera a yamma.

Shin ruwan ƙasa yana ƙarewa?

Ya danganta da wane ruwa. Na kusa yana hawa da sauka tare da damina, kowa ya ga rijiyar lambu ta janye a watan Afrilu. Na can ƙasa sosai, wanda manyan foraj ke kaiwa, yawancinsa tsohon ruwa ne da ya shiga tun dubban shekaru, lokacin da ƙasar nan ke da ni'ima kuma tabkin Cadi ya ninka na yanzu sau da yawa. Wannan kamar rumbun gado ne, abin da aka ɗiba ba ya dawowa da wuri.

Wani abin mamaki ya faru a gabashin Yamai. Duk da farin shekarun 1970 da 1980, awon da aka yi ya nuna ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 4 tsakanin shekarun 1960 da na 2000. Dalili shi ne sare daji. Ƙasa ta zama fako, ruwan sama ya daina tsayawa a gona, yana gudu zuwa tabkuna, daga can ya nutse. Rijiya ta samu, gona ta yi asara, kuma kwazazzabai suka ƙaru.

Zurfi ba shi ne kyau ba

Nan ne ya kamata ƴan uwa da ke aiko kuɗi daga Abijan, Akara ko Libiya su saurara. Ana ɗauka cewa ruwa mai zurfi ya fi tsabta. Ta fuskar ƙazantar masai da ta dabbobi gaskiya ne. Amma ruwa yana narkar da abin da ke cikin dutsen da ya daɗe a ciki. Wani ya fito da zartsi, wani da kanwa, wani da ƙarfe har ya rina tufafi ja. Waɗannan harshe da ido na gane su. Sinadarin fuliwor kuwa ba shi da ɗanɗano, ba shi da launi. A Tibirin Gobir, daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000, jama'a sun sha ruwan wani foraj mai zurfi da wannan sinadari ya yi wa yawa. Haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita ɗaya, na Tibiri ya ninka haka. Tafasa ruwan ba ta fitar da shi.

Game da masu neman ruwa da sanda, tsofaffin magina sun san alamu na gaske: inda gawo da goriba ke yin kyau, inda ƙasa ke daɗe da danshi. A kan rairayi hakan kan wadatar. A kan dutse gara a kira masu awo da na'ura, waɗanda ke kafa ƙarafa su tura lantarki cikin ƙasa, domin jiƙaƙƙiyar tsaga ta fi busasshen dutse barin wuta ta wuce. Su ma ba sa ba da tabbaci, amma suna rage hasara. Kafin a biya mai injin, a je ma'aikatar ruwa ta jiha a tambayi zurfin foraj ɗin da ke kusa da abin da aka tarar a cikinsu, a kuma rubuta cikin yarjejeniya wanda zai ɗauki asara in rami ya fito busasshe. In ruwa ya fito, a kai shi a auna kafin yara su fara sha.