Sarrafa Kayan Sito a Masana'antar Ƙera Makamai: Nazari kan Yanayin DICON ta Kaduna

Kayan da masana'antar makamai ke ajiyewa a sito kashi uku ne: ɗanyun kaya kamar tagulla, ƙarfe da albarushi, sai waɗanda ke kan layin aiki, sannan waɗanda aka gama ƙerawa suna jiran a miƙa wa rundunar soja. Tambayar kullum ita ce nawa za a ajiye, kuma yaushe za a sake yin oda. A 1913 Ford W. Harris ya fitar da lissafin da ke auna kuɗin oda da kuɗin ajiya don gano adadin da ya fi araha. Daga baya kamfanin Toyota, ta hannun Taiichi Ohno, ya yaɗa tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata ba tare da jibgewa ba.

Tsare-tsaren biyu sun fi dacewa da kasuwar da buƙatarta ba ta cika sauyawa ba. Yaƙi kuwa ba ya sallama. Lokacin da Rasha ta mamaye Yukren a 2022, Amurka na ƙera harsasan atilare masu faɗin milimita 155 kimanin 14,000 ne a wata, adadin da ya gaza abin da fagen daga ke cinyewa nesa ba kusa ba.

Hukumar DICON mai ƙera wa Najeriya makamai, wadda aka kafa a 1964 kuma kamfanin Fritz Werner na Jamus ya gina mata masana'anta a Kakuri, tana da ƙarin nauyi. Duk abin da za ta shigo da shi daga waje sai ya bi ta lasisin ƙasar da ke sayarwa, da takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan, da neman dala, da tashar jiragen ruwa, kafin ya kama hanyar Kaduna. A nan ne tsarin da aka saba na rarraba kaya zuwa rukunin A, B da C bisa tsadarsu yake yaudarar mai kula da sito. Ɗan ƙoƙon da ke gindin kwanson harsashi, wanda ke kunna albarushi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuɗinsa kaɗan ne, don haka rukunin C zai faɗa. Amma ranar da ya ƙare, injunan layin harsashi sun tsaya cak, ko da tagulla ta cika sito. Abin da ya fi dacewa shi ne a rarraba kaya bisa tsawon jiran odarsu da kuma ko suna da madadi a gida, a tanadi rarar masu wuyar samu.

Tanadin ma yana da iyaka, domin albarushi yana tsufa. Zafi da laimar damina suna hanzarta lalacewarsa. Shi ya sa kowane zubi yake ɗauke da lambarsa a jikin akwati, wanda ya riga shiga shi ke riga fita, kuma ana ɗiban samfuri a gwada lokaci-lokaci. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu, 2002, wadda ta ci rayuka fiye da 1,000, ta isa shaida cewa ajiyar makamai ba lissafin kuɗi kaɗai ba ce.

Saura batun suna. Ƙungiyar NATO tana bai wa kowane kaya lamba guda mai alƙaluma 13, ta yadda ƙusa ɗaya ba za ta shiga rajista da suna uku ba. Tunda dokar DICON ta 2023 ta faɗaɗa damar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu, wajibi ne su da hukumar su yi aiki da lamba ɗaya a kwamfuta, a kuma riƙa gwama abin da ke rubuce da abin da aka ƙirga da hannu a kan kanta.