Isma'il Haniyya da Kujerar da Ta Ƙi Zaunuwa

Ranar Laraba, 31 ga Yulin 2024, hankalin mutanen Tudun Jukun a Zariya yana kan washegari. Washegarin ne za a fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin Najeriya, magidanta na lissafin kuɗin tiyar masara, masu shaguna na shawarar ko su buɗe ko su rufe. Ana cikin haka labari ya shigo ta rediyo da wayoyin hannu cewa an kashe Isma'il Haniyya a Tehran. Kafin azahar hotonsa ya cika Facebook, a teburin mai shayi da bakin masallaci sai ka ji ana cewa Allah ya jiƙan shugaban Hamas. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin duk masu ta'aziyyar nan da wuya ka ji wanda ya tuna cewa mutumin ya taɓa zama firaministan Falasɗinawa, kuma akwatin zaɓe ne ya ɗora shi. Wata goma sha huɗu da rabi ya yi a kan kujerar kafin a tsige shi. A ganina, duk wanda bai san abin da ya wakana a waɗannan watanni ba, ya tsinci labarin Gaza ne daga tsakiya.

An haife shi a farkon shekarun 1960 a sansanin 'yan gudun hijira na Shaɗi, a bakin tekun Gaza. Iyayensa mutanen wajen Askalan ne, yaƙin 1948 ya koro su. Ya yi makarantun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe wa 'ya'yan 'yan gudun hijira, ya wuce Jami'ar Musulunci ta Gaza inda ya karanta adabin Larabci, ya kuma shugabanci majalisar ɗalibai a ƙarƙashin tutar 'Yan'uwa Musulmi. Ya kammala a 1987, shekarar da boren Intifada na farko ya ɓarke, Shaikh Ahmad Yasin da almajiransa suka kafa Hamas. Isra'ila ta kulle Haniyya sau uku, na ƙarshen a 1989 ya ci shekara uku. A Disambar 1992 aka loda shi tare da mutum sama da ɗari huɗu aka zube su a Marjuz Zuhur, wani tsauni a kudancin Labanan, cikin tsananin hunturu. Labanan ta ƙi karɓarsu, suka kafa tantuna suka zauna kusan shekara guda, 'yan jaridar duniya na kai da kawowa a kansu. Korar da aka yi don a karya ƙungiyar ita ta sanar da duniya sunanta.

Tauraronsa ya fara haske a 1997. A watan Satumba na shekarar 'yan leƙen asirin Isra'ila suka yi yunƙurin kashe jigon Hamas Khalid Mish'al da guba a Amman, asirinsu ya tonu, Sarki Husaini na Jodan ya matsa lamba har aka kawo makarin gubar aka kuma saki Shaikh Yasin daga kurkuku. Haniyya ya zama shugaban ofishin Shaikh. Yasin gurgu ne, a keken guragu yake rayuwa, saboda haka wanda ke riƙe da ƙofarsa da takardunsa shi ne kunnensa da ƙafarsa. A Satumbar 2003 jirgin yaƙi ya jefa bom a gidan da suke ciki, suka tsira da ƙananan raunuka. A Maris na 2004 aka kashe Yasin yana fitowa daga sallar asuba, a Afrilu aka kashe magajinsa Abdul'aziz Rantisi. Manya suka ƙare, na baya suka matso gaba.

Ita kanta kujerar firaminista sabuwa ce a lokacin. Yarjejeniyar Oslo ta 1993 ta haifar da Hukumar Falasɗinawa, amma Yasir Arafat shi ne wuƙa shi ne nama. A 2003 Amurka da Isra'ila suka ce ba za su ƙara zama da shi ba, suka matsa sai an ƙirƙiri muƙamin da zai rage masa iko. Mahmud Abbas ne ya fara hawa, ya yi 'yan watanni ya ajiye saboda Arafat ya ƙi sakar masa jami'an tsaro. Ahmad Ƙurai ya gaje shi. Arafat ya rasu a Nuwambar 2004, Abbas ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Janairun 2005. A riƙe wannan da kyau: waɗanda suka nace a ƙarfafa firaminista a raunana shugaba a 2003, su ne bayan shekara uku suka juya suna neman a mayar da iko hannun shugaba, domin kujerar ta faɗa hannun wanda ba su so.

Hamas ta ƙaurace wa zaɓen 1996, tana cewa ɗan Oslo ne. A 2006 ta shiga, da sunan jerin Sauyi da Gyara, Haniyya na kan gaba. Aka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Janairu. Kujeru 132 ne a majalisa, rabi ana raba su gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a ƙasa baki ɗaya, rabi kuma mazaɓa-mazaɓa. A ƙuri'ar jam'iyyu tazarar ba ta taka kara ta karya ba: Hamas kashi 44 cikin ɗari, Fatah, jam'iyyar Abbas, kashi 41, kujeru 29 da 28. A mazaɓu ne Fatah ta kashe kanta. 'Ya'yanta da ba su samu tikiti ba suka tsaya a matsayin 'yan takara masu zaman kansu, suka yayyaga ƙuri'ar gidansu, Hamas kuwa ta tsayar da daidai adadin da take buƙata. Ta kwashe 45, Fatah 17. Jimilla 74 da 45. Duk ɗan Zariya da ya ga yadda rikicin fid da gwani ke kayar da jam'iyya mai ƙarfi ya san wannan lissafi. Da yawa daga masu zaɓen ba aƙida ce ta kai su ba. Sun gaji da cin hanci da facakar manyan Fatah, sun ga asibitoci da makarantun Hamas, sun kuma ga shekara goma sha biyu na tattaunawa ba su hana matsugunan Yahudawa ƙaruwa ba. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter yana cikin masu sa ido, su da tawagar Tarayyar Turai duk sun shaida cewa zaɓen ya yi tsabta.

An rantsar da Haniyya ranar 29 ga Maris, 2006. Tun kafin nan Amurka da Tarayyar Turai da Rasha da Majalisar Ɗinkin Duniya sun gindaya sharuɗɗa uku: gwamnatin ta amince da Isra'ila, ta bar ɗaukar makami, ta karɓi yarjejeniyoyin da aka ƙulla a baya. Hamas ta ƙi. Iyakar inda Haniyya ya kai shi ne cewa za su karɓi ƙasa a kan iyakokin 1967 tare da doguwar tsagaita wuta, ba tare da amincewa da Isra'ila ba. Masu sharuɗɗan suna da hujjarsu, domin ƙungiyar ta shafe shekaru tana tura 'yan ƙunar baƙin wake cikin motocin haya da gidajen abinci suna kashe fararen hula, kuma kundinta na 1988 bai bar wa Isra'ila wurin zama ba. Amma hukuncin bai tsaya kan shugabannin ba. Aka yanke tallafin da gwamnati ke rayuwa da shi. Isra'ila ta riƙe kuɗin fito da take karɓa a madadin Falasɗinawa, kimanin dala miliyan 50 kowane wata. Bankuna suka ji tsoron takunkumin Amurka suka daina tura kuɗi. Ma'aikata kimanin 160,000 suka shiga watanni babu cikakken albashi, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda, waɗanda akasarinsu ma 'yan Fatah ne. Mu da muka san yadda gida ke zama in albashi ya yi wata biyu bai shigo ba, yadda mai shago ke rufe littafin bashi, yadda maigida ke kauce wa idon iyalinsa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Sai kuma makami ya shigo. Ranar 25 ga Yuni, mayaƙa suka bi ta ramin ƙarƙashin ƙasa suka kashe sojojin Isra'ila biyu suka kama wani sojan mai suna Gilad Shalit. Cikin kwana huɗu Isra'ila ta kame ministoci takwas da 'yan majalisa sama da ashirin a Gaɓar Yamma, a farkon Yuli ta jefa bom a ofishin firaministan, a Agusta ta kama kakakin majalisa Aziz Duwaik. Majalisar da aka zaɓa ta gurgunce. Nan aka fara ganin raunin Haniyya na cikin gida: yana da kujera, amma reshen soja na ƙungiyarsa ba daga ofishinsa yake karɓar umarni ba, shugabancin siyasa kuma yana Dimashƙa a hannun Mish'al.

Akwai wata rana da ta tattara halin da yake ciki. Ranar 14 ga Disambar 2006 ya dawo daga rangadin neman taimako a ƙasashen Musulmi, ɗauke da tsabar kuɗi sama da dala miliyan 30, tunda banki ya gagara. Isra'ila ta sa aka rufe mashigar Rafah. Firaministan ya yi sa'o'i a bakin iyaka, sai da ya bar kuɗin a Masar aka bar shi ya wuce. Yana shigowa aka buɗe wa ayarinsa wuta, aka kashe mai tsaron lafiyarsa, aka raunata ɗansa. Hamas ta ɗora laifin a kan mutanen Muhammad Dahlan na Fatah, su kuma suka musanta.

Sarki Abdullah na Saudiyya ya kira ɓangarorin biyu Makka, suka sa hannu ranar 8 ga Fabrairun 2007. Ranar 17 ga Maris aka kafa gwamnatin haɗin kai, Haniyya na shugabanta, Salam Fayyad, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, yana ministan kuɗi. Abin da Makka ba ta warware ba shi ne wa zai riƙe bindiga. Jami'an tsaro na Fatah ne, Amurka na taimaka wa dakarun fadar Abbas da horo, Hamas kuma ta riga ta kafa tata rundunar a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. A Yuni aka gwabza a titunan Gaza. Cikin ƙasa da mako guda mutum sama da ɗari suka mutu, an jefo mutane daga saman benaye, an harbe waɗanda aka riga aka kama, kuma kowane ɓangare ya aikata. Ranar 14 ga Yuni Abbas ya tsige Haniyya, ya kafa dokar ta-ɓaci, ya naɗa Fayyad, wanda jerinsa kujera biyu kacal ya samu a zaɓe, kuma majalisa ba ta taɓa tabbatar da gwamnatinsa ba. Haniyya ya ce tsigewar ba ta halatta ba, ya ci gaba da zama firaminista a Gaza. Al'ummar da ba ta da ƙasa ta wayi gari da gwamnati biyu.

Mu 'yan Najeriya mun san ɗacin 12 ga Yunin 1993, mun kuma ji abin da ya biyo bayan soke zaɓen Aljeriya a 1992. In aka gayyaci mutane rumfar zaɓe sannan aka hukunta su a kan abin da suka zaɓa, masu cewa ƙuri'a ɓata lokaci ce su ke cin riba. Wannan alhaki yana wuyan manyan ƙasashen da suka yi takunkumin. Sai dai son gaskiya ya hana ni wanke Haniyya. Shekara bakwai ya ƙara yana mulkin Gaza, wa'adin majalisarsa ya ƙare a 2010, bai koma ga masu zaɓe ba. A ƙarƙashin mulkin Hamas an tsare 'yan adawa da 'yan jarida, an zartar da hukuncin kisa, a 2019 aka tarwatsa matasan da suka fito suna kukan tsadar rayuwa. Wanda akwati ya ɗora ya kamata ya fi kowa kishin akwatin.

Shekarun nan na ƙawanya ne da yaƙe-yaƙe: ƙarshen 2008, da 2012, da 2014. A Afrilun 2014 aka sa hannu kan sulhu da Fatah a gidansa na Shaɗi, a Yuni ya sauka ya bar wa gwamnatin Rami Hamdallah. Wata guda bayan haka yaƙi ya sake ɓarkewa, ya ci Falasɗinawa sama da 2,000. Zariya ta ɗanɗana nata rabon a cikinsa. Ranar Juma'a 25 ga Yulin 2014, a ƙarshen Ramadan, sojojin Najeriya suka buɗe wuta kan masu muzaharar Ƙudus ta goyon bayan Falasɗinawa, aka kashe mutum sama da talatin, cikinsu har da 'ya'yan Shaikh Ibrahim Zakzaky uku. Rundunar soja ta ce ita aka fara kai wa hari, masu muzaharar suka ce ƙarya ne. Kwana huɗu bayan nan aka rusa gidan Haniyya a Shaɗi da bom. Ko mutum yana tare da 'yan muzaharar ko yana adawa da su, ba zai ce wa ɗan garin nan maganar Falasɗinu labarin nesa ba ce.

A Mayun 2017 ya gaji Mish'al a shugabancin ofishin siyasa na Hamas, Yahya Sinwar ya karɓi Gaza. A 2019 ya fita, ya koma zama tsakanin Katar da Turkiyya. Yana can aka kai harin 7 ga Oktobar 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, akasarinsu fararen hula, aka kuma yi garkuwa da kimanin 250. Ya yi maraba da harin a bainar jama'a. Kashe mata da yara da tsofaffi a gidajensu ba abin da zai halatta shi, haka nan ba abin da zai halatta dubun-dubatar rayukan da Isra'ila ta salwantar a Gaza bayan haka. Ranar ƙaramar salla, 10 ga Afrilun 2024, aka kashe 'ya'yansa uku da jikokinsa a cikin mota a Shaɗi. A Mayu mai gabatar da ƙara na Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka, Karim Khan, ya nemi sammacin kama shi tare da Sinwar da Muhammad Daif na Hamas, da kuma firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu da ministan tsaronsa Yoav Gallant. Haniyya ne ke jagorantar ɓangaren Hamas a tattaunawar tsagaita wuta lokacin da aka kashe shi a masaukinsa, bayan halartar rantsar da shugaban Iran Mas'ud Pezeshkian. Sai a Disamba Isra'ila ta fito ta amsa cewa ita ce.

An yi masa salla a Tehran, aka sake yi a Doha ranar Juma'a 2 ga Agusta, aka binne shi a Lusail, nesa da Shaɗi, nesa da Askalan. Majalisar da ta tabbatar da shi firaminista tun 2018 Abbas ya sanar da rusa ta, zaɓen da aka sa a Mayun 2021 kuma aka ɗage shi. Yaron da aka haifa a Gaza ranar da aka kaɗa waccan ƙuri'a ta 2006 yana da shekara 18 ranar jana'izar, kuma bai taɓa dangwala wa ɗan majalisa ko shugaban ƙasa ba.