Yadda Nahawun Turanci Ya Sha Jifa A Makarantun Malesiya

A arewa maso gabashin Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, akwai wata unguwa da ake kira Wangsa Maju. Har farkon shekarun 1980 gandun itacen roba ne mai suna Hawthornden, sai a 1984 aka soma mai da shi mazaunin jama'a. Kusa da ita Kwalejin Tunku Abdul Rahman take, wadda aka kafa a 1969, ta kuma zama jami'a daga baya, kana a Gombak, ba da nisa ba, ga Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, inda ake karatu da Turanci da Larabci, har da ɗalibai 'yan Nijeriya. Iyalan irin wannan unguwa sun ga an sauya matsayin Turanci a makaranta sau da dama, har ya kasance kaka da uba da ɗa kowa da irin tushen da aka aza masa.

Turawan Ingila ne suka kai harshen. An buɗe makarantar Penang Free School a 1816, kuma a birane aka tara irin waɗannan makarantu. 'Ya'yan sarakunan Malayu an gina musu kwaleji a Kuala Kangsar a 1905, amma ɗan manomi an bar shi da karatun firamare cikin harshensa, don masu mulki suna gudun kada Turanci ya raba shi da gona. Wanda ya san tarihin Jihar Arewa ba zai yi mamakin wannan ba. Shi kansa Gwamna Hugh Clifford, wanda ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, a Malaya ya fara aiki, can kuma ya koma Gwamna a 1927. A cikin 1922 ɗin ne aka buɗe Kwalejin Sarki Idris ta horon malamai a Tanjong Malim. Bambancinsu shi ne a Katsina da Turanci ake koyarwa, a Tanjong Malim kuwa da Malayu.

To, me yake wahalar da ɗan Malayu a nahawun Turanci? Da farko dai aikatau. A harshensa aikatau ba ya sauya kama don lokaci. Sai a sa "sudah" a gabansa in abu ya wuce, "akan" in yana tafe. Turanci kuwa sai ya ce "go" yau, "went" jiya, babu kama tsakaninsu, dole a haddace. Na biyu, wakilin suna. Kalmar "dia" ta wadatar ga namiji da mace, saboda haka "he" da "she" kan rikice masa, abin da ba ya damun Bahaushe, tun da yana da "shi" da "ita". Na uku, jam'i. Malayu kan maimaita suna, "buku" littafi, "buku-buku" littattafai, in kuwa an ambaci adadi ba a maimaitawa. Turanci ko da an faɗi adadi sai an sauya sunan. Na huɗu, 'yan kalmomin nan "a" da "the", waɗanda harshensa ba shi da takwarorinsu. Waɗannan ba a ƙware da su sai da malami gwani da yawan amfani.

Bayan samun mulkin kai ranar 31 ga Agusta 1957, Malayu ya zama harshen ƙasa, dokar 1967 kuma ta ƙarfafa shi. Tarzomar ƙabilanci ta 13 ga Mayu 1969 ta sa aka gaggauta. Daga 1970 aka fara juya makarantun Turanci zuwa Malayu, aji ɗaya kowace shekara, har aka iso jami'a a 1983. An sami abin da ake nema, watau harshe guda da ya haɗa Malayu da Sinawa da Indiyawa, ɗan ƙauye kuma ya sami hanyar jami'a. Amma Turanci ya koma darasi guda cikin darussa, aka kuma fi ba hira ƙarfi a kan ƙa'idodin nahawu, sai masu ɗaukar ma'aikata suka soma kuka da Turancin waɗanda suka gama karatu.

A 2003 aka fara koyar da lissafi da kimiyya da Turanci bisa umarnin Firayim Minista Mahathir Mohamad. Da yawa cikin malaman da aka ɗora wa aikin da Malayu suka yi nasu karatun, yaran karkara kuwa suka shiga kokawa da abu biyu a lokaci guda, harshe da lissafi. A 2009 Ministan Ilmi Muhyiddin Yassin ya ba da sanarwar janye shirin daga 2012, tare da ƙara wa darasin Turanci lokaci. A 2016 kuma aka ba wasu makarantu zaɓin koyar da darussan nan biyu da Turanci, in iyaye sun yarda kuma akwai malamai.

Duk sa'ad da aka sauya, ɗan mai hali bai rasa kome ba, don ana Turanci a gidansu, ana kuma biya masa malamin yamma. Ɗan talaka shi ne ba shi da kowa sai malamin ajinsa. Ƙasashen Afirka da ke muhawara kan harshen koyarwa ya kamata su duba wannan: ana iya sauya doka a zama guda, amma horon malamin da zai bambanta wa yaro "go" da "went" shekaru yake ɗauka.